Agogon Gadi: Yadda Ganuwar Intanet Take Farfaɗowa Daga Suma

Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan ji ana cewa Hausa za ta iya ɗaukar kowane irin ilimi, kuma yakan yarda. Sai dai yarda daban, gwadawa daban. Wannan maƙala gwaji ce. An ɗauko wata 'yar na'ura da ba kowa ya san da zamanta ba, ko da yake tana cikin kwamfutoci da yawa da muke amfani da su kullum, za a yi bayanin aikinta da Hausa tun daga tushe, ana tafe ana auna kalmomin da aka yi bayanin da su. Turawa sun laƙaba mata sunan da ke nufin “agogon karen gadi”. Aikinta guda ne tak: idan kwamfuta ta sume, ita ce take tayar da ita ba tare da wani mutum ya taɓa komai ba. Za mu dube ta ne a inda aka fi bukatarta, wato a jikin na'urar da take tsaron ƙofar intanet ta shago ko ofis ko makaranta.

Ganuwa, ba bangon wuta ba

Mu ɗauki shagon intanet a unguwar Turaki da ke cikin garin Jalingo, irin wanda ɗalibai suke cikawa lokacin duba sakamakon WAEC da NECO, ko buga takardar JAMB, ko rajistar kwasa-kwasai a Jami'ar Jihar Taraba. A ce akwai kwamfutoci 10 a shagon, amma layin intanet ɗaya ne. Tsakanin layin nan da kwamfutocin akan ajiye wani akwati, wanda duk abin da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta cikinsa. Bayanai a intanet ba a dunƙule suke tafiya ba, ana yanka su ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito, da na inda za shi, da lambar ƙofar da yake nema. Alal misali, shafukan da ake buɗewa cikin sirri ta ƙofa mai lamba 443 suke bi. Akwatin yana riƙe da jerin dokoki, yana duba kowane ƙunshi, ya bar wannan ya wuce, ya jefar da wancan. Haka kuma yana riƙe da rajistar waɗanda suka aika saƙo waje, domin idan amsa ta zo ya gane ba baƙuwa ba ce.

Wasu sukan sayi akwatin da aka ƙera domin wannan aiki, kamar na kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda masu haɗa intanet a Nijeriya suka saba da shi ƙwarai. Wasu kuwa tsohuwar kwamfuta suke samu mai kafar waya biyu, su ɗora mata manhajar pfSense, wadda aka fara a 2004 a kan FreeBSD, ko OPNsense da ta ɓalle daga gare ta a 2015, ko kuma Linux.

Sunan Turanci na wannan akwati daga wurin magina aka aro shi: bango ne da ake ginawa don ya hana gobara tsallakawa daga wani sashen gini zuwa wani. Idan aka fassara shi kalma da kalma sai a sami “bangon wuta”, kuma a nan ne matsala take. Bahaushe idan ya ji “bangon ƙasa” ko “bangon dutse”, abin da aka gina bangon da shi yake fahimta. Saboda haka “bangon wuta” hoton bango mai ci da wuta zai kawo masa, abin da ba shi ake nufi ba. Bugu da ƙari, bango ba ya tantance kowa, tsayawa kawai yake yi. Kalmar da ta fi dacewa a ganina ita ce ganuwa. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara gina ta zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, ba don a hana shiga da fita aka yi ta ba. An yi ta ne don a tilasta wa mai shiga ya bi ta ƙofa, ko Ƙofar Mata ko Ƙofar Na'isa ko Kabuga, inda akwai Sarkin Ƙofa da zai gan shi. Wannan shi ne ainihin aikin akwatin nan. Daga nan gaba ganuwa za mu riƙa ce masa.

Mene ne suman na'ura?

Ganuwa kwamfuta ce, kuma kowace kwamfuta tana iya shiga wani hali da ba mutuwa ba ne, ba kuma aiki ba. Fitilu suna ci, fanka tana juyawa, amma ba ta amsa komai. Abin da ya faru a ciki shi ne ƙwaƙwalwarta ta faɗa wani zagaye da ba shi da mafita, ko kuma ayyuka biyu sun tsaya kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya saki abin da ya riƙe.

Dalilan suna da yawa, kuma wasunsu namu ne na gida. Akwai zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da akwatin da aka rufe a cikin kabad yake gasuwa. Akwai ƙurar hunturu da take toshe kafofin iska. Akwai kuma wuta, wadda ita ce babba. Ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ta cika sumar da na'ura ba, kashe ta take yi, idan ta dawo na'ura ta tashi. Wadda take yin ɓarna ita ce wutar da ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, kamar lokacin da ake juyawa daga wutar nepa zuwa janareta. Ba ta kai ta kashe na'urar ba, amma ta isa ta hargitsa abin da ke cikin ma'adanarta. Ban da waɗannan akwai kuskuren manhaja, da lalacewar ma'adana, da tsufan cajar da ke ba akwatin wuta.

A bakin matasa za ka ji an ce na'ura “ta yi hukin”, wasu su ce ta maƙale, ko ta daskare, ko ta sandare, ko ta cije. Ɗalibin nahawu zai lura cewa huɗun nan na Hausa duk da wasalin -e suka ƙare, wato giredi na 4 a tsarin da Parsons ya fito da shi a 1960, giredin da yake nuna abu ya kai matuƙa. Kowace tana da hoton da take kawowa. Daskarewa ta man shanu ce da ƙanƙara, kuma tana sa a zaci sanyi, alhali sau da yawa zafi ne ya jawo. Sandarewa tana kusa da gawa. Maƙalewa da cijewa sun fi dacewa da abin da ke motsi, kamar takarda a cikin firinta. Na zaɓi suma saboda dalilai biyu. Na ɗaya, wanda ya suma yana numfashi amma ba ya amsa kira, kuma ba zai iya taimakon kansa ba. Na biyu, suma tana da abokiyar tafiya a shirye, wato farfaɗowa, mai wasalin -o na giredi na 6 da yake nuna dawowa. Kalmar da ta zo da kishiyarta ta rage wa mai fassara rabin aiki.

To, idan ganuwa ta sume me yake faruwa? Galibi ƙofa rufewa take yi, ba shiga ba fita. Wani zai ce ai da sauƙi, tunda ɓarawo ma bai shiga ba. Amma a dubi shagon nan na Turaki ranar ƙarshe ta rajista, mai shago ya tafi kasuwa da makullin kabad, yaron shago yana fuskantar mutum 20 da kuɗinsu a hannu. Abin da zai yi a bayyane yake: zai zare wayar intanet daga ganuwa ya soka ta kai tsaye, aiki ya ci gaba. Kuma da wuya a mayar da ita. Wannan ita ce ɓarnar gaske, domin ganuwar da take yawan suma ƙarshenta a zagaye ta. Idan kuwa akwatin yana wani reshen ofis ne a Gembu, can kan tsaunin Mambila, mai kula da shi kuma yana Jalingo, to danna maɓalli ɗaya ya zama tafiyar yini da hawan dutse.

Yadda agogon yake aiki

Masu gadin dare a unguwanninmu suna da wata al'ada. Lokaci-lokaci wannan ya busa usur ko ya buga ƙarfe, na gaba ya amsa. Muddin ana amsawa, lafiya. Idan aka yi shiru fiye da yadda aka saba, sai a je a duba, ko barci ya sace shi ko wani abu ya same shi. Ba a jiran mai gadi ya yi ihu ya ce “na yi barci”, domin mai barci ba ya iya faɗa. Masu iya magana sun ce shiru ma magana ce, kuma a kan wannan aka gina na'urar tamu gaba ɗaya.

A jikin babban allon kwamfuta akwai wata 'yar ƙwayar lantarki, irin wadda masu gyaran waya suke kira ayisi, mai ƙirga daƙiƙoƙi da baya-baya. A ce an sa mata 60. Za ta fara: 60, 59, 58, tana gangarowa. A ɓangaren manhaja kuma akwai wani ɗan ƙaramin shiri wanda aikinsa shi ne ya riƙa zuwa, misali bayan kowace daƙiƙa 10, yana mayar da ƙirgar 60. Muddin kwamfuta tana cikin hayyacinta, ƙirgar ba za ta taɓa kaiwa sifiri ba. Ranar da ta sume, ɗan shirin nan ma ya sume tare da ita, babu mai mayar da ƙirga. Agogo ya ci gaba da gangarowa abinsa har sifiri, sai ya aika sigina ta layin nan da maɓallin sake kunnawa yake amfani da shi. Kwamfuta ta tashi daga farko kamar an danna mata da yatsa.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, agogon bai san abin da ya sami kwamfutar ba, bai kuma damu ya sani ba. Ba ya bincike, ba ya karanta komai. Shiru ya ji, ya yi aikinsa. Na biyu, dole ƙirgarsa ta kasance ba ta dogara da manhajar da yake gadi ba. Akwai irinsa na manhaja zalla, kamar softdog na Linux, kuma yana da amfani idan wani shiri ne kawai ya kakare. Amma idan zuciyar babbar manhaja ce ta sume ɗungurungum, to shi ma yana cikin waɗanda suka sume. Ka ga an sa mai barci ya tashi mai barci ke nan. Shi ya sa ake nanata cewa na jikin ƙarfe ake so.

A ina ake samun sa? Sau da yawa ba sai an saya ba, yana nan ba a kunna shi ba ne. Allunan Intel da yawa suna da shi a cikin abin da ake kira TCO, wanda Linux take magana da shi ta direban iTCO_wdt, FreeBSD kuma ta ichwd. Na AMD ma suna da nasu. 'Yar kwamfutar nan Raspberry Pi tana da shi, sai dai wa'adinsa ba ya wuce kimanin daƙiƙa 15. Manyan kwamfutocin ofisoshi sukan zo da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ta daban mai kula da lafiyarsu, ita ma da nata agogon. Wanda allonsa ba shi da ko ɗaya yana iya sayen na waje, wanda ake sokawa a kafar USB, a ja 'yar waya daga jikinsa zuwa ƙusoshin maɓallin sake kunnawa.

A Linux agogon yana bayyana ne kamar fayil mai suna /dev/watchdog. Da zarar wani shiri ya buɗe fayil ɗin, ƙirga ta fara, kuma duk abin da aka rubuta a cikinsa yana mayar da ita farko. A kwamfutocin da suke da systemd, layi ɗaya ake gyarawa, RuntimeWatchdogSec, a sa masa wa'adi, shi kuma ya riƙa waiwayar agogon kafin rabin wa'adin ya wuce. A FreeBSD shirin watchdogd ne yake wannan aiki. Akwai wani ɗan abin sha'awa ga ɗalibin harshe. Idan mai kula da na'ura yana son tsayar da agogon da gangan a Linux, sai an rubuta masa harafi ɗaya kafin a rufe fayil ɗin, harafin V. Idan aka rufe ba tare da shi ba, agogo zai ɗauka shirin mutuwa ya yi, ya ci gaba da ƙirga. Wato kalmar ban kwana tsakanin mutum da wannan na'ura harafi ce da babu ita a abacadan Hausa.

Kumbo biyu

Ba a shagon intanet aka fi sanin darajar wannan agogo ba, a sararin samaniya ne, inda babu yaron shago da za a aika. A ranar 25 ga Janairu 1994 Amurka ta harba kumbon Clementine. Ya ɗauki hotunan wata lafiya lau, ya kama hanyar wani dutsen sararin samaniya mai suna Geographos. Ranar 7 ga Mayu kwamfutarsa ta rikice, ta bar ɗaya daga cikin ƙananan injinan da ke juya shi a kunne har minti 11. Man ya ƙare, kumbo ya shiga juyawa kusan sau 80 a minti ɗaya, aka fasa zuwa Geographos. Injiniya Jack Ganssle, wanda ya yi rubutu mai tsawo a kan irin waɗannan agoguna, ya nuna cewa ƙwaƙwalwar kumbon tana da agogon a jikinta, amma ba a yi amfani da shi ba.

Na biyu shi ne Mars Pathfinder, wanda ya sauka a duniyar Mas ranar 4 ga Yuli 1997. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta riƙa sake kunna kanta. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne yakan riƙe wani makulli, ayyuka matsakaita su hana shi damar gamawa ya saki, babban aiki kuma ya tsaya yana jiran makullin. Tsarin sa-ido da ke cikin manhajar yakan ga babban aikin bai kammala a kan lokaci ba, sai ya tayar da kwamfutar daga farko. Wannan ya ceci kumbon, amma kowace tashi tana cinye aikin da ake cikin yi. Ba a rabu da matsalar ba sai da injiniyoyin JPL suka sa tagwayen kumbon da ke ƙasa ya yi irin wannan cuta a gabansu, suka gano tushenta, suka aika gyara. Ga mai ganuwa, labari na biyu ya fi na farko amfani. Agogo farfaɗowa yake kawowa, ba waraka ba. Wanda ya kunna shi ya manta da dalilin suman, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Inda ake yin tuntuɓe

Abu na farko shi ne wa'adi. Idan ya yi gajarta, kwamfutar da aiki ya yi wa yawa na ɗan lokaci za a tayar da ita alhali lafiyarta ƙalau. Idan ya yi tsawo, mutane su daɗe suna jira. Lissafin ba shi da wuya. Wa'adi daƙiƙa 60, tashin na'ura daƙiƙa 90, jimla 150, wato minti 2 da rabi shi ne mafi tsawon katsewar da za a yi. A kwatanta wannan da jiran mai makullin kabad. Sai dai a kula da wasu alluna da suke fara ƙirga tun daga lokacin da aka ba su wuta idan an kunna agogon a cikin BIOS. Idan babbar manhaja ba ta gama tashi ba kafin wa'adi ya cika, ko ba ta da direban da zai yi magana da agogon, na'ura za ta yi ta tashi tana faɗuwa ba iyaka.

Abu na biyu ya fi zurfi: wa yake mayar da ƙirgar, kuma me ya gani kafin ya mayar? Yana yiwuwa kafar intanet ta ganuwa ta mutu, ko ɗan ƙunshi ɗaya ba ya wucewa, amma ɗan shirin nan yana nan garau yana ta shaida wa agogo cewa lafiya. Mai gadi ne da yake amsa usur daga kan tabarmarsa, ido rufe. Maganin wannan shi ne a ɗora wa shirin sharaɗi, kada ya mayar da ƙirga sai ya tabbatar da wani abu, kamar cewa shirin da ke raba adireshi yana raye, ko faifai yana karɓar rubutu, ko kuma wata na'ura ta amsa sallama. Sallama a nan ina nufin ɗan saƙon gwajin da ake aika wa wani adireshi don a ji ko yana nan. Akwatunan MikroTik suna da wannan a shirye: ana ba su adireshi, idan sallama 6 a jere ba ta sami amsa ba sai su sake tashi, kuma sukan jira minti 5 bayan tashi kafin su fara.

Amma a nan ma akwai rami. Idan adireshin da aka zaɓa na can wata ƙasa ne, ranar da layin kamfanin sadarwa ya katse a hanya, abin da ba baƙo ba ne a wannan yanki, ganuwa za ta ga ba a amsa mata ba, ta ɗauka ita ce ba lafiya, ta yi ta kashe kanta tana tashi yini guda. Ga intanet babu, ga firintar shago da sauran ayyukan cikin gida su ma an hana su sakat. Tashi ba ya ɗinke wayar da ta tsinke a daji. Ya fi kyau a yi sallama da maƙwabci na kusa, wato modem ko wata na'ura ta cikin gida da ba a kashewa, domin tambayar ita ce ko ganuwa tana ji, ba ko duniya tana nan ba. Wani lokaci kuma modem ɗin ne da kansa ya sume. Agogon da ke cikin ganuwa ba shi da iko a kansa, sai dai a sami soket na musamman mai yanke wuta ya mayar.

Abu na uku shi ne abin da zai biyo bayan farfaɗowa, kuma a nan ganuwa ta bambanta da sauran kwamfutoci. Rajistar nan ta masu fita tana cikin ma'adanar wucin gadi, saboda haka ta tafi. Duk wanda yake tsakiyar biyan kuɗi ko tura takarda sai ya sake. Dokokin da aka rubuta jiya ba a adana su a faifai ba, su ma sun tafi, kuma wannan ya fi haɗari, domin ganuwa za ta tashi da tsofaffin dokoki, ko ma babu doka sam, ƙofa a buɗe, kowa yana murna intanet ta dawo. Dole a tabbata dokoki suna hawa kafin a fara barin ƙunshi ya wuce. Haka nan, tashin ba-zata yana iya hargitsa tsarin fayiloli a faifai, na'ura ta tsaya a tsakiyar tashi tana tambayar ko a gyara, babu kuma mai amsa mata. Tsarin ZFS, wanda pfSense ta mayar da shi zaɓin farko a 2022, ya fi jure wannan. Tsohuwar kwamfutar da batirin allonta ya mutu, ko aka cire mata madannai, ita ma tana iya tsayawa tana jiran a danna F1 har gobe. Duk wani abu da zai sa na'ura ta nemi yatsan mutum wajen tashi ya rushe amfanin agogon.

Sai kuma rajistar abubuwan da suka faru. Agogo yana da wani aibi: yana ɓoye cuta. Ganuwar da take suma sau uku a dare tana farfaɗowa da kanta, da safe ba wanda zai sani, har ranar da cajar da ta fara lalacewa ta ƙone gaba ɗaya. Saboda haka a sa ta riƙa tura rajistarta zuwa wata kwamfuta ta daban, a kuma riƙa duba tsawon lokacin da ta yi a kunne. Idan tashin yana faɗowa da rana tsaka, a nemi zafi. Idan yana faɗowa daidai lokacin tayar da janareta, a nemo mata batirin tsaye ko a haɗa ta da inbata. Idan ba shi da lokaci, a gwada ma'adana, a sabunta manhaja, kada kuma a cire yiwuwar wani ne daga waje yake yi mata ambaliyar saƙonni.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an gama shiri, a zaɓi lokacin da shago ba kowa, a sumar da na'urar da gangan. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe ɗan shirin nan kisan ba-zata da umarnin kill -9, yadda ba zai sami damar yin ban kwana da agogo ba, sannan a zauna da agogon hannu ana ƙirgawa. Idan wa'adi ya cika na'ura ta tashi, a duba dokoki ɗaya bayan ɗaya ko sun dawo. Idan ba ta tashi ba, to agogon suna ne kawai, ko direban bai dace da allon ba, ko BIOS ya hana.

Wane suna za mu ba shi?

Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tanadi keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi da dabarun koyarwa ne. Na sassan kwamfuta kuwa, yawancinsu a bakin masu gyara da masu shaguna ake ƙera su, kuma a gari irin Jalingo, inda Bafulatani da Mumuye da Jukun suke haɗuwa a kan Hausa, kalmar da ba ta da sauƙin kamawa ba ta kwana.

“Karen gadi” ba laifi ba ne a kan kansa. Hausa ta riga ta ba kare irin wannan matsayi a “karen mota”, wanda ma cikin ayyukansa har da hana direba gyangyaɗi a tafiyar dare. Matsalar ita ce hoton ya karkace. Karen gadi baƙo yake yi wa haushi, saboda haka mai sauraro zai zaci ɓarayin intanet na'urar take kamawa, alhali wannan aikin ganuwa ne. Wannan karen maigidansa yake cizo idan ya daina ba shi abinci, kuma ba haka Bahaushe ya san kare ba. Ana iya bin hanyar harɗaɗɗun sunaye masu aikatau a gaba, irin su hana-salla da dafa-duka da a-kori-kura, a ce “hana-suma”. Yana da daɗin faɗa, kuma irinsa ne kasuwa take karɓa, amma ƙarya yake yi, domin na'urar ba ta hana suma, bayan an sume take zuwa. “Agogon farfaɗo da na'ura” ya faɗi gaskiya, sai dai bayani ne ba suna ba.

Na tsaya a kan “agogon gadi”. Gajere ne, kalmominsa biyu duk sanannu ne, ko da yake duk na aro ne: gadi daga Turanci, agogo daga Yarbanci. A can Yarbanci kuwa agogo ƙararrawar ƙarfe ce da ake bugawa tun kafin ta zama abin duba lokaci, wato dai ƙarfen nan na masu gadin dare. Saura aikatau na mayar da ƙirga, wanda Turawa suke cewa ciyar da kare ko shafa shi ko harbinsa da ƙafa. Tunda mun bar kare mun kama agogo, babu bukatar ko ɗaya daga ciki. Iyayenmu da suka yi amfani da agogon da ba shi da batir suna da kalmarsu, wana agogo. Ke nan jimlar da mai shago zai faɗa wa yaronsa ita ce: “Manhaja tana wana agogon gadi duk daƙiƙa goma, idan ta sume ba ta wana ba, shi zai tayar da ganuwa, kai dai kada ka zare waya.”